Wa Ke Da Ikon Buga Gangar Yaƙi a Amurka?

Dattawan da suka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 sun ɗanɗana mulkin sarkin Ingila, don haka suka ƙi damƙa wa mutum ɗaya ikon jefa ƙasa cikin yaƙi. Majalisa ce za ta ayyana yaƙi ta ware kuɗi, shugaban ƙasa kuwa ya ja ragamar sojoji.

Amma tun 1942 majalisar ba ta sake ayyana yaƙi ba. Shugaba Truman ya tura sojoji Koriya a 1950 ba da izininta ba. A 1964 ita da kanta ta sakar wa Shugaba Johnson mara a Biyetnam, inda sojojin Amurka fiye da 58,000 suka halaka.

Da ta farga, ta kafa doka a 1973: shugaba ya sanar da ita cikin awa 48, ya janye sojoji bayan kwana 60 in ba ta amince ba. Duk da haka Shugaba Obama ya zarce wa'adin a Libiya a 2011, majalisa ba ta tsayar da shi ba.

Mai karatu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Majalisar da ke gudun ɗaukar alhakin jini, ita ke miƙa wa shugaba gangar.