Mabuɗin Rumbu a Hannun Wa? Kwamiti da Ma'aikaci a Tarihin Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a na Damagaram

Duk ƙungiyar taimakon jama'a da ta sami takardar izini a Zinder, idan aka buɗe kundin dokokinta, kusan tsari ɗaya za a tarar. Akwai babban taron mambobi, akwai kwamitin gudanarwa na 'yan sa kai waɗanda ba a biyansu ko dala, sannan akwai sakataren zartarwa, wanda shi ma'aikaci ne mai albashi, mai ofis, wani lokaci har da mota. A takarda kwamiti ne ubangida, sakatare kuwa bara ne da aka ɗauka aiki. Amma wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti ya san yadda zaman yake gudana: sakatare ne ke kiran taro, shi ke rubuta abin da za a tattauna, shi ke karanta lissafi, a ƙarshe kuma shi ke miƙa wa iyayen gidansa kuɗin mai a cikin ambulan. Da yawa suna ɗauka wannan cuta ce da ta zo tare da kuɗin furoje a shekarun 1990. Tarihin ƙasar Damagaram yana nuna ta girmi wannan lokaci nesa ba kusa ba.

Fadar Damagaram kanta ta san wannan ja-in-ja tsakanin masu suna da masu aiki. Sarki Tanimu, wanda ya yi kimanin shekara talatin a kan gado kafin rasuwarsa a 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, kuma a zamaninsa bayin sarki suka sami manyan muƙamai na yaƙi da na tattara dukiya. Hikimar a fili take: ɗan sarki yana da hannun da zai miƙa wa gadon sarauta, bawa ba shi da shi, saboda haka an fi sakin jiki a ba shi ajiya. To amma mai ajiya shi ne ya san abin da ke cikin taska. Da Faransawa, waɗanda suka ci garin a 1899, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906 bisa zargin ƙulla tawaye, ba su nemi wani ɗan sarki ba. Sai suka ɗauko Ballama, bawan fada, suka damƙa masa riƙon ƙasa, kuma sarautar ba ta koma gidanta ba sai a 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa. Mutumin da aka ajiye don ya yi wa fada aiki ya wayi gari yana amsa umarnin baƙo, fadawa suna kallo. Mai karatu ya riƙe wannan hoto, don zai sake ganinsa da tufafi daban-daban.

A ƙasa kuwa, cikin unguwanni da ƙauyuka, taimakon juna yana da nasa tsarin tun kafin zuwan Nasara. Akwai gayya, akwai adashi, akwai samariya da sarkin samarinta da wazirinsa da alƙalinsa, sarautun da aka aro daga fada don wasa amma ake aiki da su da gaske. Idan gonar tsoho ta sha ciyawa, ko rijiya ta rufta, ko ana son yaɓen masallaci, sarkin samari ne ke sa a buga ganga. Ba shi da albashi, ba shi da dogari. Ƙarfinsa duka yana ga fitowar jama'a, kuma nan ne hukuncinsa yake: ranar da aka gaji da shi, zai sa a yi kiɗa, kowa ya yi zamansa a gida. Babu ƙuri'ar tsigewa da ta kai wannan kaifi. Sai dai kada mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Abin da samariya ke juyawa ƙarfin damtse ne da goro da ƙwaryar fura, kayan da ido ke gani, ba a kai su ajiya. Matsalar mai ajiya ba ta tashi sai an sami abin da zai kwana.

Abin da zai kwana ya zo da mulkin mallaka. Tun 1910 Faransa ta kafa dokar ƙungiyoyin tanadi na 'yan ƙasa a yankunanta na Afirka ta Yamma, kuma bayan 'yan shekaru shigarsu ta zama dole ga kowane manomi da makiyayi. A ka'ida ƙungiyar taimakon juna ce: kowa ya ba da ɗan abinsa, a sayi iri, a gina rijiya, a ranta wa wanda ya rasa. Har majalisa gare ta, ta sarakuna da dattawa. Amma shugabanta kumandan ne, mai riƙe da asusunta ma'aikacin gwamnati ne, kuɗin shiga kuma tare da lanho ake karɓarsa. Bayan yunwar 1931 aka ƙara matsa wa ƙauyukan Nijar da rumbunan tsimi na tilas: kowane gida ya kawo rabonsa na gero, a tara rumbuna wuri guda, a liƙe, ba mai buɗewa sai da izinin hukuma. Rumbun ƙasa ba shi da kwaɗo, izinin nan shi ne mabuɗinsa, kuma yana can a bariki. Manomi yana iya ganin rumbun da ke ɗauke da geronsa daga ƙofar gidansa, iyalinsa na kwana da yunwa, yana jiran takarda.

Ba za a ce tunanin tanadin banza ne ba. A ƙasar da damina ke yaudara, wanda ya ce a ajiye bai yi laifi ba. Ɓarnar tana ga darasin da mutane suka ɗauka, wanda a ganina har yau bai gama fita daga zukata ba: cewa “ƙungiya” kayan hukuma ce, zama a majalisarta ado ne, abin da ka zuba a ciki kuma ka yi masa bankwana. A shekarun 1950 an sauya wa waɗannan ƙungiyoyi suna har sau biyu, aka ƙara kujerun zaɓaɓɓu, amma asusu bai bar hannun ma'aikaci ba.

Gwaji mafi ban sha'awa ya zo bayan samun mulkin kai, kuma ƙasar Damagaram na cikin inda aka yi shi. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa UNCC don kula da bashi da ƙungiyoyin gama kai na manoma, a daidai lokacin da ake fara aikin wayar da kan karkara a yankin Matamai. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka shigo da sabon tsari a ƙasar gyaɗa, irin su Magarya da Matamai: ƙauye gaba ɗaya shi ne mamba, shi ke lamunce wa bashin 'ya'yansa, kuma manoma da kansu ke zaɓen masu awo da masu rubutu a kasuwar gyaɗa. An koya wa manya karatu da lissafi da Hausa don su iya karanta sikeli, su duba littafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manomin da ya saba tsayawa gefe yana kallon ɗan kamasho yana murɗa awo, yau ga shi shi ke kiran nauyi da babbar murya a gaban jama'a. Idan an rufe kasuwa, ribar da ta rage a maido wa ƙauye, bayan an cire bashin da ba a biya ba, abin da ya sa kowa ya zama mai sa ido a kan maƙwabcinsa.

Duk da haka tsarin bai kai inda aka nufa ba. Farashi gwamnati ke yankewa, kamfanin SONARA ke saye, babban lissafi kuma yana hannun jami'an UNCC waɗanda Yamai ke ɗauka, Yamai ke biya, Yamai ke sauya wa wurin aiki. Zaɓaɓɓun manoma suna iya ƙorafi a kan jami'i, ba su iya sallamarsa. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta bi gyaɗa a 1975, sai kasuwar da aka gina komai a kanta ta durƙushe. An rushe UNCC a 1984, aka ce an miƙa wa manoma ragama, a lokacin da ragamar ba ta ɗaure da komai.

Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974 yana zargin waɗanda ya tuntsurar da wasa da abincin agaji, ya hana jam'iyyu, sannan ya waiwayi samariya. Ya tashe ta daga barci, ya ba ta tsari tun daga unguwa har ƙasa baki ɗaya, kuma a Zinder aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976. Wanda ya rayu a wannan zamani ba zai yi musun aikin da aka yi ba: azuzuwan makaranta na tubali, sharar unguwa, dashen itatuwa, wasannin kwaikwayo da suka sa sunan Zinder ya zagaya ƙasa. Duk da hannun 'yan sa kai aka yi su. Amma sarkin samari na wannan karo, wanda sau da yawa alhaji ne mai furfura, ba ya tsoron a ƙi fitowa, domin ƙin fitowa ya zama ƙin gwamnati. Da aka kafa majalisun raya ƙasa a farkon shekarun 1980, bisa ginshiƙai biyu, samariya da ƙungiyoyin manoma, sai aka ɗora maigari a kan majalisar ƙauye, sarki a kan ta kanto, jami'in mulki a kan ta gunduma da ta jaha. Mai zartarwa ya zama shi ne shugaban masu sa masa ido. A cikin wannan yanayi aka fitar da dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, wadda ta wajabta neman izinin hukuma, ta kuma haramta ƙungiyar da aka gina kan ƙabila ko yanki.

Taron ƙasa na 1991, wanda ɗan Zinder André Salifou, marubucin tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya shugabanta, ya buɗe ƙofa. Samariya ta watse tare da mulkin da ya goya ta. Matasan Zinder suka koma kafa majalisun shayi a bakin titi, suka kira su fada, da shugaba da ma'aji, wasu har da ranar shara. Sunan kaɗai ya isa a yi dogon tunani a kai. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita, a daidai lokacin da gwamnati ke kasa biyan albashi, masu digiri kuma ke yawo ba aiki. A nan tsarin kwamiti da sakatare ya zauna da gindinsa. Sau da yawa ma tafiyar a juye take: wanda ke neman aikin shi ke kafa ƙungiyar, sannan ya zagaya ya nemo kwamitin da zai “ɗauke shi”, wani malamin makaranta mai ritaya, wata hajiya, wani limami don albarka. Yaya mutum zai tuhumi wanda ya gayyato shi? Ga kunya, ga zumunci, ga kundin dokoki da rahoton kuɗi da Faransanci, harshen da rabin kwamitin ba ya karantawa. Mai ba da tallafi kuma, daga Turai ko Amurka, lambar sakatare gare shi, shi yake kira, shi yake horarwa. Bariki ta sauya wuri ne kawai.

Ban ce sakatarorin nan ɓarayi ba ne. Da yawansu sun yi wa yankin aiki a yunwar 2005 da bayanta, a wuraren da motar gwamnati ba ta zuwa, kuma kwamitin da ke tsoma baki a sayen kowace takarda shi ma yana kashe ƙungiya. Abin da nake nufi ya fi wannan sauƙi. Kwamitin da bai iya karanta lissafi, bai iya kiran taro da kansa, bai iya sallamar wanda ya ɗauka, majalisar dattawan kumandan ce aka sake wa riga.

Amsar da ta fi gamsar da ni ba daga ofis ta fito ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a yankin Maraɗi a kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu a jahar Zinder da sauran ƙasa, har ƙasashe da dama na Afirka suka kwaikwaya. Tushensa adashi ne da asusu. Mata kimanin talatin ke haɗuwa mako-mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a ranta wa mai buƙata da ɗan ƙari, a ware wani kaso don haihuwa da ciwo da rasuwa. Kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mata uku, akwatin kuma na kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da mabuɗi ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban taro, a ƙirga da ƙarfi, kowa ta ji, mako mai zuwa a tambayi abin da aka bari. Galibinsu ba su yi boko ba, don haka ƙwaƙwalwar taron ita ce littafi. Jami'ar da ta koya musu tana da wa'adi, idan ya cika ta tafi, ba ta taɓa kuɗin. Idan zagaye ya ƙare, a fasa asusu, a raba, a sake zaɓe.

Su ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Inda ƙungiyoyin suka girma suka haɗu a tarayya, suka fara karɓar bashi daga cibiyoyin lamuni ko riƙe bankin cimaka na ƙauye, akwati ya yi kaɗan. Dole a buɗe asusu a banki, dole a nemo mai rubutu, wani lokaci ɗan wata daga cikinsu da ya yi lakwal. Banki kuwa sa hannu yake nema, na mutum biyu ko uku, a kan takardar da aka cike da Faransanci, a wani ofis da ke Zinder ko Mirya ko Magarya, tafiyar yini daga inuwar da ake ƙirga kuɗin.