Majami'ar da Ta Gaji Kasuwar Bayi a Zanzibar

A unguwar Mkunazini ta tsohon birnin Zanzibar, babbar majami'ar Angilika mai suna Christ Church tana tsaye ne a filin da aka yi cinikin bayi. A 1873 Sarki Barghash ya rufe kasuwar bisa matsin lambar Ingila, aka aza harsashin ginin ranar Kirsimetin wannan shekara, aka kuma buɗe shi a 1879. An ce bagadin yana daidai inda ake ɗaure bawa a yi masa bulala. Shi ya sa baƙi ke ɗaukar ginin tambarin nasarar Turawa a kan bauta. Wannan kallo ya rage masa daraja, domin majami'ar 'yar Zanzibar ce fiye da yadda take 'yar Ingila.

Ginin kansa shaida ne. Bishof Edward Steere, wanda ya tsaya a kan aikin, ya yi amfani da dutsen murjani na tsibirin, irin wanda attajiran Larabawa da Indiyawa suka gina gidajensu da shi. Rufin kuwa doguwar baka ce ta dakakken murjani da siminti, wadda aka ce mutanen gari sun yi ta jiran ranar da za ta rufto. Har yau tana nan. Steere ya kuma rubuta littafin koyon Sawahili, ya duƙufa kan fassara Littafi Mai Tsarki, saboda masu ibadar farko 'yantattun bayi ne daga ƙabilu barkatai, ba abin da ya haɗa bakinsu sai wannan harshe. Da ya rasu a 1882, bayan bagadin aka binne shi. Da Sawahili ake ibada a wurin har gobe, a garin da kusan kowa Musulmi ne.

Mai suka zai ce aikin mishan da ya gina majami'ar share fagen mulkin mallaka ne, tunda Zanzibar ta faɗa hannun Ingila a 1890, kuma rufe kasuwa bai 'yanta kowa ba, domin bayi sun ci gaba da aikin gonakin kanumfari har dokar soke bauta ta 1897. Duk gaskiya ne, kuma masu yabon Steere sukan tsallake shi. Sai dai wannan suka tana auna niyyar masu zuwa ne, ta manta da abin da 'yan ƙasa suka yi da abin da aka kawo. Yaran da aka 'yanta daga bauta su suka zama malamai da masu wa'azi. John Swedi ya zama dikon a 1879, sannan Cecil Majaliwa, wanda aka taɓa sayarwa yana yaro, aka naɗa shi limamin coci a 1890.