Dajin da Muke Tsoro Kufai Ne



Duk wanda ke sauraren labarai a 'yan shekarun nan ya haddace sunaye biyu ko bai so ba: dajin Rugu da dajin Gundumi. Daga nan ake cewa ɓarayin daji sun fito, can kuma ake cewa sun koma da mutane da shanu. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, ta yaya aka samu dazuzzuka masu girma haka a tsakiyar ƙasar Hausa, ƙasar da aka sani da cikar jama'a da noma?

Wani ɓangare na amsar yana cikin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. A 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarki Yunfa. Sarakunan Katsina na Haɓe ma sun rasa birninsu, suka nufi arewa har suka zauna a Maraɗi. Amma cin birni bai kawo ƙarshen yaƙi ba. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, daga bisani Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Daga garuruwan nan biyu aka yi ta kai hari kudu shekara da shekaru, daga kudu kuma ana ramawa.

Talakan da ke tsakiya shi ya ɗanɗana kuɗarsa. Manomi ba ya shuka inda bai da tabbacin girbi. Ƙauyuka suka watse, mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa da ribaɗoɗi irin su Wurno. Gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Haka ƙasar Ruma da ke yammacin Katsina ta yi asarar garuruwanta, daji ya rufe wurin. Gundumi ma, a gabashin Sakkwato, ya zama wurin da matafiyi ba ya yada zango. A 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a hanyarsa daga Katsina. Ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba hutu, don tsoron harin Gobirawa.

Da Turawa suka zo, sai suka tabbatar da tabon. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar Maraɗi da Tsibiri a Nijar, Katsina da Sakkwato a Najeriya. Dazuzzukan kuwa da dama aka mayar da su gandun daji na gwamnati, daga baya aka keɓe wasu don kiwo. Sai ya zama wuri ne mai faɗi, da makiyaya a cikinsa, amma ba hanya, ba makaranta, ba asibiti, ba kotu. Hukuma ta san wurin a takarda kawai.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce ɓarayin yau jikokin mayaƙan jiya ba ne, ban kuma ce rikicin yau ci gaban jihadi ba ne. Na yau yana da nasa dalilai: satar shanu, cinye burtali da makiyaya, ɗaukar doka a hannu, zaluncin wasu masu iko, da bindigogin da suka yi arha. Abin da nake cewa shi ne, tsohon yaƙi ne ya share wa sabo fili. A Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara, cikin wannan dajin aka kora su a ƙasa. Tun 2019 kuma dubban mutanen Sabon Birni da Isa ke tsallakawa jihar Maraɗi neman mafaka, ta bangaren da masu gudu suka bi shekara ɗari biyu da suka wuce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yau ma ana haifar da sababbin kufai. Kowane ƙauye da aka tashe shi, idan damina goma ta wuce ba a koma ba, ya zama daji. Jikokinmu za su ɗauka haka Allah Ya halicce shi.

Nan aikinmu yake. Da yawanmu idan muka sa daji a labari, aljanu da ɓarayi kawai muke zubawa a ciki. Ku tambayi tsofaffi. Inda kuka ga kukoki sun yi cincirindo, ko ramukan marina, ko tudun tsohuwar ganuwa, to gari ne ya taɓa zama a wurin. Ku nemi sunansa ku rubuta. Ku rubuta na ƙauyukan da ake tashi yanzu, da unguwanninsu da rijiyoyinsu da ranar kasuwarsu, tun masu tunawa suna raye.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.