Dokar Korona ta Birtaniya da taƙaddamar binne gawa

A ranar 25 ga Maris, 2020, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta amince da Dokar Korona, kwana shida kacal bayan gwamnatin Boris Johnson ta gabatar da ƙudurinta a Majalisar Wakilan Birtaniya. Dokar ta shafi makarantu da asibitoci da taruka, amma ɗaya daga cikin sassan da suka tayar da ƙura shi ne wanda ya yi magana a kan gawarwaki.

Abin da dokar ta sauya

Gwamnati ta yi fargabar mamata su fi ƙarfin ɗakunan ajiye gawa da maƙabartu, saboda haka ta sassauta ƙa'idojin da ke jinkirta jana'iza. An yarda a yi rajistar mutuwa ta wayar tarho, kuma mai hidimar jana'iza zai iya yin ta a madadin iyali. An ba likitan da bai kula da mamacin a rashin lafiyarsa ba damar sa hannu a takardar shaidar mutuwa, aka kuma tsawaita wa'adin ganin likita na ƙarshe daga kwana 14 zuwa 28. An dakatar da takardar likita ta biyu da ake buƙata kafin a ƙone gawa.

Jadawali na 28 na dokar ya tanadi ikon da za a iya ba ƙananan hukumomi na umartar yadda za a ɗauki gawa, inda za a ajiye ta, da yadda za a yi mata sutura ta ƙarshe, idan wani yanki ya gaza.

Inda aka samu saɓani

Tun 1984 dokar lafiya ta Ingila ta hana ƙaramar hukuma ƙone gawar wanda take da dalilin ganin bai so hakan ba. Daftarin farko na ƙudurin ya jingine wannan kariya. Ga Musulmi da Yahudawa, waɗanda addininsu ya wajabta binnewa, ma'anarsa ita ce hukuma tana iya ƙone gawar ɗan'uwansu ba tare da yardarsu ba.

Naz Shah, 'yar majalisa ta jam'iyyar Leba mai wakiltar Bradford ta Yamma, ta gabatar da gyara, 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban suka mara mata baya. Majalisar Musulmin Birtaniya da Kwamitin Wakilan Yahudawan Birtaniya suka matsa lamba tare. Cikin kwanaki gwamnati ta kawo nata gyaran: wajibi ne hukuma ta yi la'akari da wasiyyar mamaci idan an san ta, idan kuwa ba a sani ba, da addininsa ko aƙidarsa.

Gyaran ya ɗora wa hukuma nauyin yin la'akari ne, bai haramta ƙonewa kai tsaye ba. Duk da haka ƙungiyoyin biyu sun yi maraba da shi. 'Yan majalisa sun kuma samu alkawarin sake ƙuri'a a kan dokar duk bayan wata shida, kuma mafi yawan tanade-tanadenta sun ƙare aiki a Maris 2022.

Abin da ya faru a Sri Lanka

Kwana ɗaya kafin dokar Birtaniya ta fara aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa wanda korona ta kashe ana iya binne shi ko a ƙone shi. Duk da haka, a Afrilu 2020 gwamnatin Sri Lanka ta wajabta ƙonewa ta hanyar sanarwar hukuma, tana cewa binnewa zai gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Musulmin ƙasar sun kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yi watsi da ita. Sai a Fabrairu 2021 aka janye umarnin, sannan a 2024 gwamnati ta nemi afuwa.

Annobar ɗaya ce a ƙasashen biyu. A Birtaniya tanadin ya bi ta majalisa, inda aka karanta shi aka gyara kafin ya zama doka. A Sri Lanka umarni ne ya fito daga ɓangaren zartarwa, aka yi kusan shekara ana ƙone gawarwakin Musulmi kafin a janye shi.