Kwana Nawa Baƙo Ke Yi Kafin Ya Zama Ɗan Gari?

Yau lissafi na zo da shi, sai a yi haƙuri da ni.

Ina yaro a Tudun Wada ta Jos, na taɓa yin gardama da kakata kan shekarunta. Ita ta ce 66, takardar da ke hannun babana kuma ta nuna 64. Na ce, "Iya, kin ƙara biyu." Ta yi dariya ta ce ita da watan azumi take ƙirge, ba da takardar Bature ba. Sai da na girma na gane duka biyun daidai ne. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Bature kuwa 365, sai a ƙara kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Tazarar wajen kwana 11 ce, shi ya sa shekara 33 ta wata take daidai da kusan 32 ta rana. Iya ta yi kwana wajen 23,376 a duniya. In ka raba da 365 da kwata ka sami 64, in ka raba da 354 ka sami 66.

To, mu auna zamanmu a Jos da wannan ma'auni. Haƙar kuza ce ta jawo kakanninmu daga Kano da Zariya da Bauchi, suka tarar da Birom da Anaguta da Jarawa a ƙasarsu. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, kuma a shekarar kakana ya sauka. Daga 1914 zuwa 2014 kwana 36,525 ne, wato shekara 100. A lissafin Iya kuwa 103 ne, daga 1332 zuwa 1435 bayan Hijira. Yanzu ma kwanakin sun haura 40,000. Jirgin ya daina aiki tun 1957, mu kuwa muna nan.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Amma wace irin raɓa ce take kwana 40,000 ba ta bushe ba? Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, maganar ɗan ƙasa da baƙo ta ƙara zafi. Aka yi rikici a 1994, sannan na ranar 7 ga Satumba, 2001, sai na 2008 da 2010. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu, unguwanni suka rarrabu.

Na tara kwanakin waɗannan rikice-rikice huɗu, ba su cika wata biyu ba. Sauran dubban kwanakin fa? Kasuwa ɗaya muka ci da maƙwabtanmu, muka je suna da jana'izar juna. Wannan lissafin nake so mu koya wa yaranmu, su ma maƙwabta su koya wa nasu.

Allah Ya zaunar da Filato lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.