Tarihin Aikin Ƙamus a Harshen Hausa

Aikin tattara kalmomin Hausa a jera su cikin littafi tare da ma'anoninsu bai cika shekara ɗari biyu da farawa ba, kuma a mafi yawan wannan lokaci ba don Bahaushe ake yin sa ba. Malaman zaure sun daɗe da sanin ƙamus, amma na Larabci. Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi yana cikin littattafan da manyan malamai kan duba idan wata kalma ta shige musu duhu. Ita kuwa Hausa da ita ake yin bayani: malami ya karanto Larabci ya fassara, ɗalibi ya rubuta ma'anar da ajami a gefen takarda ko tsakanin layuka. Babu wanda ya ga dalilin fassara wa Bahaushe Hausa. Baƙo ne ya fara buƙatar haka, wato ɗan mishan da matafiyi, daga baya kuma ma'aikacin mulkin mallaka.

Wanda ya buɗe fagen shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS a Saliyo. A 1841 ya shiga ayarin jiragen ruwa da Ingila ta tura su hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther. Hausar da ya fara koya daga bakin 'yantattun bayi ya same ta, irin waɗanda aka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi aka sauke a Saliyo. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomi da bayanin nahawu, a 1862 ya fitar da nahawu, sai ƙamus a 1876. Duk wannan aiki ya yi shi ne ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Ashe kuwa akwai wanda ya kai masa ƙasar Hausa har gida. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, har ya faɗa hannun mutanen Barno. Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai yaron ya koma hannun Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya bi shi har Tambutu, sannan a 1855 suka isa Turai tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. A Ingila Dorugu ya zauna gidan Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa. Babban ɓangare na littafin Magana Hausa na 1885 daga bakin Dorugu ya fito, haka ma ɗimbin kalmomi da misalan da ke cikin nahawun da ƙamusun. Faransa ta ba Schön lambar yabo ta Volney, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Dorugu ya komo gida ya yi tafinta, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake buga labarinsa da sharhi, aka fara kallonsa a matsayin marubucin da ya cancanci a kira sunansa.

Babbar matsalar ƙamusun farko ita ce kunne. Bature ba ya jin bambancin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko baki da baƙi, don haka sai ya rubuta su iri ɗaya. Ba ya jin tsawon wasali, balle karin sauti. A ɗauki kalmar da ake rubutawa fari. Akwai farin launi, akwai farin da ke ƙone amfanin gona idan ruwa ya ɗauke, akwai fari jam'in fara, akwai fari na farkon abu. Bahaushe ba ya ruɗewa da su ko a cikin barci, domin kowace da yadda muryarsa ke hawa da sauka a kanta, da kuma inda yake jan wasali. Ƙamusun da bai nuna wannan ba ya bar mai koyo a tsakiyar hanya. Tarihin shekara saba'in da suka biyo bayan Schön kusan duk na gyaran wannan kunne ne.

A 1891 aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da John Alfred Robinson, ɗan mishan da ya rasu a Lakwaja. Ita ta tura ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya koyar da Hausa a Cambridge, ya buga ƙamusunsa mai juzu'i biyu a 1899 da 1900. Shi ne littafin da jami'an mulkin mallaka na farko suka riƙe, an kuma buga shi har sau huɗu. Faransawa ma sun yi nasu don ma'aikatansu a yankin da ya zama Nijar. Amma ci gaban da ya fi muhimmanci a wannan zamani daga wani wuri ya zo, can Kete-Krachi a bakin kogin Volta, garin da a lokacin yake hannun Jamusawa, yau kuma yana cikin Gana. A nan Adam Mischlich ya haɗu da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya zama limamin zangon Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Alhaji Umaru ya rubuta masa tarihi da bayanin sana'o'i da al'adu da ajami. Shi ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, abin da boko na lokacin bai yi ba. Ƙamusun Mischlich da aka buga a Balin a 1906 ya ci moriyar wannan, ya nuna tsawon wasali fiye da na magabatansa. Ilimin malamin zaure ne ya gyara kunnen Bature.

Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, F. W. Taylor kuma ya fara sa alamar karin sauti a nahawunsa na 1923. Da haka aka share hanya ga littafin da har yau ba a yi kamarsa ba.

George Percy Bargery ya zo Arewa a farkon ƙarni na ashirin a matsayin ɗan mishan, daga baya ya koma ma'aikatar ilimi. A 1921 gwamnati ta ɗora masa aikin ƙamus, ya shafe fiye da shekara goma a kansa. Bai zauna a ofis yana jiran a kawo masa kalmomi ba. Ya zagaya garuruwa yana zama da malamai da masu sana'a, yana tambaya, yana rubutawa, yana kuma nuna inda ake faɗin kowace kalma, ko Katsina ko Sakkwato ko Zazzau ko Gobir ko Haɗeja. Littafin ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, shafi fiye da 1,200, kalmomi kusan 39,000, da gabatarwar Diedrich Westermann a kan harshen da mutanensa. Ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali, ya kuma rarrabe ra iri biyu da Hausa ke da su, ta rana da ta tara. Wanda ya buɗe Bargery zai tarar da sunayen kayan saƙa da na rini da na jima, da cututtukan doki da launukansa, da wasannin yara, da kirari da karin magana, da kalmomin da ko a lokacin tsofaffi kaɗai ke faɗinsu. A ƙarƙashin kalma kamar ƙato akwai dogon jerin takwarorinta da zai sa Bahaushen yau ya yi shiru yana mamakin abin da ya kuɓuce masa. Gaskiya ne cewa Hausawan da suka zuba wannan dukiya ba su fito a bangon littafin ba. Duk da haka, da ba a yi aikin a lokacin da aka yi shi ba, da yawancin waɗannan kalmomi sun bi masu su kabari. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 da ƙarin da Neil Skinner ya yi.

R. C. Abraham ya taimaka wa Bargery na ɗan lokaci, sannan ya fitar da nasa a 1949. Ƙarfinsa yana wajen misalai: yakan ɗauki aikatau ɗaya kamar ci ko sha ko yi, ya bi shi cikin jimloli shafi bayan shafi har mai karatu ya ga duk inda kalmar ke shiga. Bugun farko yana ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da na Abraham. A bugu na biyu na 1962 sunan Abraham kaɗai ya rage, kuma da shi kaɗai ake kiran littafin har yau.

A tsakanin nan ne rubutun boko ya daidaita. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta karɓi haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 ta yaɗa su. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ci gaba da daidaita ƙa'idoji da tattara kalmomin aro. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi ƙoƙarin kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar, ko da yake har yanzu akwai ɗan saɓani, kamar a harafin farko na 'ya'ya.

Bayan samun 'yancin kai masu buƙatar ƙamus suka canza. Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa don 'yan makaranta Hausawa masu koyon Ingilishi. A Mosko an buga na Hausa zuwa Rashanci a 1963 ƙarƙashin Olderogge, a Jamus ta Gabas Irmtraud Herms ta fitar da nata a 1987, kuma a shekarar ce Abdou Mijinguini ya buga Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci a Yamai. Masana kuma suka fara bin ƙamusan baya da idon basira. Claude Gouffé ya nuna a 1965 cewa Bargery da Abraham duk ba su tsaya daidai ba a kan tsawon wasalin ƙarshen kalma, alhali shi ke bambanta baƙo da sunan yanka Baƙo, ko hannu da a hannu. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano, wadda Paul Newman ya fara shugabanta, ta gyara wannan a Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci na 1977, wanda shi da Roxana Ma Newman suka shirya tare da ma'aikatan cibiyar Hausawa. Ƙarami ne, amma ya shigo da kalmomin zamani na asibiti da kotu da siyasa da mota.

Matakin da ya fi wuya shi ne bayyana Hausa da Hausa. Fassara kalma zuwa wani harshe abu ne mai sauƙi idan aka gwada shi da bayyana ma'anar kunya ko kara ko gori ga wanda ya riga ya san su, cikin jimla ɗaya da ba ta zagaya ta komo kan kalmar ba. Kafin a iya haka sai da aka tanadi kalmomin nazari: suna, aikatau, sifa, bayanau, jinsi, tilo, jam'i. Malaman jami'a irin su M. K. M. Galadanci da Dalhatu Muhammad sun yi wannan aiki, har aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990. A shekarar ce kuma Calvin Y. Garba ya fitar da Ƙamus na Harshen Hausa, sannan a 2006 Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito bayan an daɗe ana aikinsa. Tsakanin ɗan littafin Schön da wannan ƙamus shekara 163 ce.

Binciken masana ya ƙara nuna darajar abin da aka tara. Masu nazarin tarihin harshe suna dogara da kare-karen harshen da ƙamus ya adana. Basakkwace ya ce sabro da zamna, Bakano ya ce sauro da zauna. Ana cewa talaka amma talauci. Irin wannan sauyin baƙi a ƙarshen gaɓa shi ne abin da August Klingenheben ya gano a ƙarshen shekarun 1920, Newman ya sake bin diddiginsa a littafi guda a 2004, sannan ya fitar da cikakken tarihin harshen Hausa a 2022, wanda ya gwada ta da 'yan'uwanta na dangin Cadi. Joseph Greenberg tun a 1960 ya nuna cewa wasu kalmomin ilimi, har da karatu da rubutu, ta hannun Barebari suka shigo, abin da masana tarihi suka riƙe a matsayin shaida kan tsohuwar alaƙar Barno da ƙasar Hausa. Michael Bross da Ahmad Tela Baba kuma sun bi maƙera da masaƙa da majema gari gari suka fitar da ƙamusun sana'o'i a 1996. A 2020 maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta buga sabon ƙamusun Newman da Newman mai fuska biyu, a Kano, don a same shi inda ake buƙatarsa.

Abin da ya rage yana da yawa. Hausar zangon Kumasi da ta Sudan da ta Kamaru ba su sami shiga ƙamus yadda ya kamata ba, haka ma Hausar mata a cikin gida, da ta 'yan kasuwa da direbobi, da wadda fina-finan Kano da wayar hannu ke haifarwa kullum. Ana kuma buƙatar ƙamusun da zai bi kowace kalma ya nuna inda ta fara bayyana a rubuce, tun daga waƙoƙin ajami na zamanin jihadi zuwa jaridun yau. Kayan aikin suna nan a Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakunan karatu na Kano da Sakkwato da Zariya da Yamai, masanan ma akwai su. Har zuwa yau, mai neman ma'anar tsohuwar kalmar Hausa littafin 1934 yake buɗewa, ya kuma karanta bayanin da Ingilishi.