Kayan da Ake Binnewa da Mamaci: Abin da Kusheyin Ƙasar Katsina ke Faɗa

Wanda ya binne mamacinsa da kwano da awarwaro ya yi magana a kan lahira, ko da bai bar rubutu ba. A Durɓi Takusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai manyan tuddan ƙasa waɗanda al'ada ke dangantawa da sarakunan Durɓawa. Wani Bature mai suna H. R. Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona uku a 1992. Kowane tudu cikin ukun nan mutum ɗaya ne kwance a tsakiyarsa. An samu ɗamarar wuri, da awarwaron hauren giwa, da adon zinariya, da wani kwanon ƙarfe da ya fito daga Gabas ta Tsakiya wajen ƙarni na 15 zuwa na 16.

Wannan kwano shi ya fi ɗaukar hankalina. Ya ƙetaro Sahara daga ƙasar Musulmi, ya iso a zamanin da Musulunci ke kafuwa a fadar Katsina, amma aka sa shi cikin kabari, alhali shari'a ba ta san wa mamaci komai ba sai likkafani. Ina ganin masu binnewar sun ɗauka sarauta ba ta ƙarewa da fitar rai, don haka mai mulki zai tafi da alamominta. Haka mutanen Iliriya na dā suka yi a tuddan Glasinac na Bosniya ta yau, inda aka binne manya da makamai da kwanukan tagulla na Girka.

An iya faɗin wannan game da Durɓi Takusheyi ne saboda an ga kowane abu a inda aka ajiye shi. Mutum-mutumin yumɓu da ake kira na Katsina ba su yi wannan sa'a ba. Yawancinsu mutum ne zaune bisa tulu, kuma masu haƙar sata ne suka tono su, ciki har da na wajen Kwatarkwashi, ba nisa da Faskari. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ake wawushewa. Ana yawan cewa na kabari ne, sai dai wanda ya ga ko akwai ƙashi a ƙarƙashinsu ya sayar ya yi shiru. Shi ya sa kiran su gumaka ko kakanni zato ne, har sai an tona wani a mazauninsa, an auna, an rubuta.